Yadda Na Kashe Wasan Kakata A Bukkar Ubhur

A shekarun sittin ina saurayi ɗan ashirin da biyu, haifaffen unguwar Ruwais. Na samu aikin akawu a wani kamfanin jiragen ruwa a nan Jidda, kaina ya kumbura, ina jin ba wanda ya kai ni. Mahaifina kafintan kwale-kwale ne, shi ya haɗa mana wata bukka da katakon akwatuna da kwano a bakin ruwan Ubhur. Duk bazara, idan zafin gari ya ishi kowa, sai mu loda tabarmi da tukwane a motar haya mu tafi can mu yi makonni. Ruwan garau, kana hango kifi yana yawo tsakanin duwatsu, iska kuma har cikin ƙashi. Wallahi ban taɓa jin daɗin duniya kamar na wurin nan ba.

Kakata ta wajen uba ita ce ran tafiyar. Da ƙafa ta taso daga ƙasar Katsina, ta ratso Sudan, ta ƙetaro teku, ta yi shekara talatin tana sayar da gyaɗa a kasuwar Bab Makka. Da la'asar takan zauna tana fuskantar yamma da goro a baki, ta ce gida yana bayan ruwan can. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, ba ta kirana sai da mijinta. Kullum tana tsokanata wai ta auri raggo, ko kifi ɗaya ba ya iya kamo mata, ni kuma in ce na sake ta, tsohuwa ba haƙori. Ta yi ta dariya har da hawaye.

Wata Juma'a na gayyaci abokan aikina uku, 'ya'yan manyan gari, don in nuna musu mu ma muna da wurin shan iska. Muna zaune a inuwa sai ga ta da ɗaurin zane da tsagarta a kumatu, ɗauke da tiren shinkafa da kifi, tana guɗa wai mijinta ya kawo abokan ango. Ɗayansu ya yi murmushi ya tambaye ni wace ce wannan Takaruniya, sunan da suke kiran matanmu da suka zo daga ƙasar baƙar fata. Kaico! Bakina ya ce wata tsohuwa ce da ke yi mana aiki. A gabanta na faɗa, da Larabcin da ta yi shekara talatin tana ciniki da shi. Ba ta tona ni ba. Ta ajiye tiren, ta durƙusa ta zuba musu ruwan wanke hannu ɗaya bayan ɗaya, har da ni, sannan ta koma bayan bukka ta ci abincinta ita kaɗai.

Daga ranar wasa ya mutu. Ba ta faɗa wa kowa ba, ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Sai dai in na gaishe ta ta amsa da ladabi, tana kirana ustaz. Da bazara ta zagayo ta ce gwiwoyinta ba za su iya Ubhur ba, ta zauna cikin zafin Ruwais. Kullum ina cewa gobe zan ba ta haƙuri, girman kai yana riƙe ni. Bayan aikin Hajji ciwo ya kwantar da ita. Na tsuguna a gefen shimfiɗarta, na ce mata ga raggon mijinta ya zo biko. Ta dube ni, sannan ta juya ga mahaifiyata ta ce a ba baƙo wurin zama. Kwana biyu bayan haka ta rasu.

An ce mini ta yafe wa kowa kafin ta cika, amma ni ban ji da kunnena ba, abin nan yana cina har yau. Abokan da na wulakanta ta dominsu ko ta'aziyya ba su zo ba, yanzu ko sunayensu ban riƙe ba. Bukkar ma an rushe ta, an zagaye wurin da katanga. Na gane cewa wanda ya ji kunyar tushensa ya tozarta kansa, kuma haƙurin da aka ajiye sai gobe ba lallai ya tarar da mai shi ba. Ku 'ya'yanmu da aka haifa a nan, in tsohuwarku ta fito gaban baƙi da zanenta da Hausarta, ku miƙe ku ce ga kakarku. Ni yau ina da jikoki tara, duk wanda ya tsokane ni sai in rasa bakin ramawa.