Jar Fatar da Ta Rina Bakin 'Yata

Gidan laya nake ɗinkawa a unguwar Nima, irin wadda ake rataya wa jarirai a wuya. Jariri kuwa komai baki yake kaiwa, shi ya sa kafin in sayi jar fata sai na jiƙa yatsa da yawu na murza. Rinin kirki ba ya bin yatsa.

Wata rana na je wurin wani mai fata a unguwar Kawukudi. Ina ɗaga yatsa ya janye fatarsa. "Ke 'yata, nan ba wurin mai abinci ba ne da za ki ɗanɗana. Daga Kano ta zo." Ganin furfurarsa na saya.

'Yata na fara ɗinka wa, tana rarrafe lokacin. Da la'asar na sauke ta daga baya, sai ga bakinta ja wur har haɓa. Na ɗauka jini ne. Ko takalmi ban sa ba na faɗa trotro, motar haya, zuwa asibiti, ina ta buɗe mata baki ina neman ciwo. Nas ta goge da auduga, ta shinshina, ta ce fentin takalmi ne.

Washegari na mayar masa da fatar. Bai ko tambayi yarinyar ba, cewa ya yi, "Ai kin yanka."

Na jefa masa ita a ƙafa. Yarinya ta yi gudawa ta warke. Shi kuwa, babban banza, yana nan yana sayarwa, kuma duk uwar da na gani a shagonsa sai na ja ta gefe.