A Sa Ni Inda Ake Takawa

Ƙarar takalmi a kan dutse ce ta dawo mini da kakana. Ina yanka albasa a gidanmu na unguwar Sentul, can ƙasar waje inda muke zaune, 'yata tana kallon bidiyo don aikin makaranta, a kan wani tsohon gidan sufaye Kirista a ƙasar Armeniya. Sai ta kwaɗa mini kira da Hausarta mai gauraye da Turancin ƙasar.

"Mama, zo ki gani! Suna tafiya a kan dead people, lah!"

Na leƙa. Wani babban zaure ne a gaban majami'a, ginin jan dutse na ɗaruruwan shekaru. Ginshiƙai huɗu ne suka riƙe rufin, haske yana saukowa ta wata kafa a tsakiyarsa. Daɓen kuwa duk duwatsun kaburbura ne. Mai bayani ya ce manyan ƙasar da shugabannin addini ne a kwance a wurin, don duk mai shiga sujada ya bi ta kansu. Tafin ƙafa har ya shafe rubutun wasu.

Kakana ya roƙi wannan, ka ji. A ƙauyenmu na Filato, da damina, yakan zauna a gindin katangar majami'ar da suka gina da dutse, warin jiƙaƙƙiyar ciyawar rufi ya cika wurin. Da ƙuruciyarsa ɗan doka ne, mai bin gida gida a kan haraji, kuma an ce bai san sannu ba. Da ƙarfinsa ya ƙare, magana ɗaya ya riƙe: "In na mutu, a sa ni a bakin ƙofar nan. Na taka mutane da yawa, su ma su taka ni."

Babana hedimasta ne, mai gudun abin faɗa. Ya ce tsufa ne ya taɓa tsoho, wa ya taɓa jin an taka kabari? Gwaggo ta ce sai dai bayan ranta. Mu jikoki kuwa muka sa masa suna Tabarmar Ƙofa, shi ma yana taya mu dariya. In ya fara maganar a gaban baƙi, kunya takan kama ni in sulale.

Da ya rasu aka kai shi can bayan gari, aka yi masa kabari mai tayil da shingen ƙarfe. Kowa ya yaba.

Yanzu wata kunyar ce ke damuna. Tsohon da bai taɓa wuce Jos ba ya faɗi abin da zuciyarsa take so da hankalinsa ƙalau, amma ban yarda ba sai da na ga wasu sun sassaƙa shi a dutse a wata ƙasa.

'Yata ta ce, "Mama, where is your kaka? Mutane suna zuwa wurinsa?"

Na ci gaba da yanka albasata. Zuwana gida na ƙarshe, sai da aka sa adda kafin a gano hanyar kabarinsa.