Darbejiyar tsakar kamfani

Shekarun baya, ina kula da netwok a wani kamfanin robobi a Sharada, wata matsala ta kusa zautar da ni. Ofis da sito nesa suke da juna, eriya biyu ce ke haɗa su ta sama. Haka kawai sai kwamfutocin sito su yanke, direbobi su yi cirko-cirko suna jiran takardar fita. Kafin in iso da 'yar jakata abin ya dawo da kansa, in tsaya kamar ɗan kallo.

Na canja wayar netwok, na canja rauta, wato na'urar da ke rarraba shi, shiru. Wani abokina da ke aiki a Bompai ya ce, "Kai dai daina canje-canjen nan. Duk sanda ya yanke, rubuta lokacin da abin da ke faruwa a waje." Na ga abin kamar aikin 'yan firamare, amma na yi. Da rubutun ya taru na duba, kusan ko'ina hadari ne ko iska. Na hau rufi na leƙa ta bayan eriya, sai ga darbejiyar tsakar kamfani ta yi tsawo, rassanta na kaɗawa daidai tsakani.

Da murnata na kai wa manaja labari. Ya ce, "Madalla. Gobe a kira masu zarto su sare ta."

Alhali a ƙarƙashinta leburori ke cin abinci, nan suke sallar azahar. Kafin la'asar wani dattijo mai lodi ya tare ni, ya ce, "Injiniya, ashe mu za ka shanya a rana?" Wallahi na ji kunya.

Na koma ofis wurin manaja. "Ranka ya daɗe, ku ba ni bututun ƙarfe a ɗaga eriyar."

"In ya sake yankewa fa?"

"Ni zan riƙe musu zarton."

Aka ɗaga. Na gyara zanen netwok ɗin, na ƙara layi ɗaya a ƙasa: kafin damina a duba tsawon bishiya, a ɗaga eriya, kar a sare. Daminar ta wuce lafiya, kuma tun daga nan ba na taɓa waya sai na fara rubutu.

Na daɗe da barin wurin. Kwanaki na wuce a adaidaita, na hango darbejiyar ta saman katanga, an ƙara wa bututun wani tsawon. Ban san wanda ya gaje ni ba, amma ya karanta.