Da Sauƙi, In Ji Auta

Tun tana ƙarama ake kiranta Rediyo, don in ta buɗe baki ko kukan jariri ba a ji a gidan. Mahaifiyarta ta sha cewa, "Ke dai ranar da kika yi shiru sai mun nemo likita." Ikon Allah, sai ga Rediyo ta girma ta samu aikin sauraro. Ita ce ɗaya daga cikin masu ɗaukar waya a cibiyar kiran gaggawa, inda ake bugowa in gobara ta tashi, ko mota ta kife, ko wani ya yanke jiki ya faɗi.

Ɗakin aikinsu a saman bene yake, tebura a jere, kowa da abin magana saƙale a kunne da taswira a kwamfuta. Kujerar Rediyo ce mai ƙara, kuma ta hana a canja ta, wai ita kaɗai ke taya ta hira. Mijinta tela ne, yakan ce wa masu kawo ɗinki, "A ofis take barin kunnuwan, ta dawo mana da bakin."

Garinsu kusa da iyaka yake, waya kuwa ba ruwanta da iyaka. Mutum yana ƙetare, kiransa ya faɗo nan, a da sai dai a ba shi haƙuri a ce ya nemi lambar ƙasar da yake. Abin ya dami ƙungiyar ma'aikatansu, sai ta zauna da takwarorinta na ƙasashen maƙwabta. Suka ja layi kai tsaye tsakanin cibiyoyin, suka daidaita tambayoyin da ake yi wa mai kira, suka fara musayar ma'aikata. Wayar layin nan ruwan toka ce, ana ce mata wayar zumunci.

A musayar ne aka turo wani dogo mai sanƙo daga ƙetare, aka zaunar da shi gefen Rediyo. Ta laƙaba masa Maƙwabci, ta kuma ɗauki alhakin koya masa Hausa lokacin shan shayi. Ta koya masa gaida mai aiki, da gaida mara lafiya: ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Bawan Allah ya koma ƙasarsu yana ji da Hausarsa kamar sabon takalmi.

Wata rana da hantsi tana hutun shayi sai wayarta ta hannu ta yi ƙara. Auta ne, ƙaninta, direban babbar mota, ya tsallaka iyaka da lodin siminti.

"Yaya, kina aiki?"

Ta ajiye kofin. Tun da yaron nan ya iya magana bai taɓa ce mata Yaya ba, Rediyo yake cewa ko a gaban surukanta.

"Me ya same ka?"

"Ba komai. Ƙirjina ne kamar an ɗora mini buhu ɗaya daga kayan. Na tsaya a gidan mai, bayan gada."

Motar asibitin su Rediyo ba ta da ikon tsallaka iyaka. Ta ɗauki wayar zumunci, aka yi sa'a Maƙwabci ne a bakin aiki. Ta ba shi lambar Auta da kwatancen wurin, ta koma kujerarta, don kira ba ya jiran mai ƙani. Tana cikin lallashin wani da ya kulle kansa a banɗaki, sai wayar tokar ta yi ƙara. Ta miƙa mutumin banɗakin ga ta gefenta, ta ɗauka.

"Rediyo, albishir!" in ji Maƙwabci, da Hausarsa mai ɗingishi. "Na tambaye shi yaya jiki, ta ce da sauƙi. Na sake, ta sake. Mota ɗaya ne a kusa, akwai mai karaya a hannu, zan fara tura ta can."

Rediyo ta dafe kai. Ta koya masa tambaya da amsa, ta manta ba ta gaya masa amsar ba ta canjawa ba.

"Maƙwabci, tsaya! Mutanenmu ko numfashi ɗaya ya rage musu, in ka ce yaya jiki, da shi za su ce maka da sauƙi. Gaisuwa ce, ba rahoto ba. Haɗa mu mu uku."

Ya haɗa.

"Kai Auta, ba gaishe ka na zo yi ba. In na ce ka sauko daga motar nan, za ka iya?"

"Gaskiya ba zan iya ba, Yaya."

"Gumi fa?"

"Kamar an watsa mini ruwa."

"Hannunka na hagu?"

"Ya yi nauyi. Amma da sau..."

"Ka ƙarasa kalmar nan ka gani, ni da kaina zan tsallako."

Kafin ta rufe baki ta ji Maƙwabci yana ba direban motar asibiti umarni da yarensu, ba wasa a muryar. Ya dawo ya ce, "Mota ta juya. Kada Auta ta yi shiru, ki riƙe shi da magana."

Ai kuwa an sosa mata inda ke mata ƙaiƙayi. Ta sa Auta ya buɗe ƙofa, ya sassauta maɓallin riga, ya jingina. Sannan ta kama tsiya. Ta tuna masa ranar da ya shiga da keken babansu cikin kwata, da budurwar da ta ƙi shi saboda warin dizal, da askin da ya yi wa kansa har aka hana shi fita. Duk labari sai ta tsaya ta ce, "Ƙarya na yi?" don ta ji ya amsa. Ba ta yi shiru ba sai da ta ji jiniya ta cika wayar, wata murya ta ce sun iso.

Zuciya ce, in ji likitocin can, kuma an kawo shi a kan kari. Mai karayar ma wata motar ta ɗauke shi daga baya. A taron ƙungiyoyin na gaba, Maƙwabci da kansa ya miƙe ya ba da labarin, yana kwaikwayon muryar Rediyo har mutane suka riƙe ciki. Aka amince duk mai ɗaukar kira ya bar gaisuwa sai bayan an warke, ya tambayi abin da mutum zai iya da wanda ba zai iya ba.

Da aka sallamo Auta, gidan yayarsa aka kawo shi jinya. Telan ya kwashe yadudduka daga doguwar kujera, aka kwantar da shi. Rediyo ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"To, yaya jikin?"

"Da sauƙi, Rediyo. Sai dai a rage murya, likita ya hana ni hayaniya."

Da sauƙin nan ba ta yarda da shi ba. Amma da ta ji sunan ya dawo, sai ta ja kujera ta zauna, ta ɗauko labarin keken daga farko.