Lissafin Yaya a Juye

Shekara biyar muna buga fantasi da yayana, ban taɓa gamawa a samansa ba. Fantasi wasa ne na waya: ka tsinto 'yan ƙwallo daga ƙungiyoyin Ingila daban-daban ka haɗa taka, abin da suka yi a fili shi ke zame maka maki. Mu tara ne a rukuninmu, duk 'yan unguwar Mansur, kuma babu abin da ake ci sai damar yi wa juna tsiya.

Yaya direban bas ne, yana jigilar masu Umra. Yana da ɗan littafi da ya raba masu tsaron bayan ƙungiyoyi gida uku a ciki: ƙarfe, katako da labule. Makin da ɗan wasa ya samu a kan labule sai ya raba shi biyu, na kan katako ya bar shi yadda yake, na kan ƙarfe ya ƙara masa rabi. Daga nan ya duba wanda mutum zai kara da shi a makonni uku masu zuwa kafin ya saye shi. Ni kuwa wanda ya ci ƙwallo jiya shi nake saye yau.

"Ya akhi, wanda ya zura wa labule uku bai yi komai ba," in ji shi. "Ko Umma ka saka wallahi za ta ci ɗaya."

Wata Laraba ya dawo daga aiki bayan la'asar, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya kwanta a falo. Kafin magariba ya cika. Washegari aka yi masa salla a Harami. Kwana uku muna zaune kan kujeru a layi, ana zuba gahawa, ana riƙe mini kafaɗa. Mutane suka yi ta yaba tawakkalina. Ni dai ban ji komai ba ne.

Ran Asabar waya ta nuna mini maki kamar kullum. Ƙungiyarsa na nan a ta ɗaya, tawa ta biyu, sauran bakwai suna can nesa. Wayarsa a kulle take, ba wanda ya san lambar sirrinta, don haka ƙungiyar ta tsaya yadda ya bar ta. Ya tsara ta ne don makonni uku na labule, kuma makonnin nan uku ta yi ta kwasar maki. Wani abokinmu ya rubuta a rukunin: "Allah ya jiƙan maza, har yanzu yana dukanmu."

Daga nan jadawalin ya juya. 'Yan wasansa suka shiga karawa da ƙarfe, biyu suka ji rauni, ba mai canza su. Tazarar da ke tsakaninmu ta fara raguwa. Saura mako shida a rufe gasar, kuma ni kaɗai ne zan iya sauke shi. Ban so hakan ba.

Littafin ya zo cikin kayansa da abokin aikinsa ya kawo daga bas. Na zauna da shi a wani shagon shayi a unguwar Utaibiyya, na koyi abin da na ƙi koya yana raye. Sai na yi aiki da shi a juye. Duk ɗan wasana da zai gamu da labule na sayar, na sayi masu zuwa gidan ƙarfe. Matsayin kyaftin, wanda ake ninka wa maki, nakan bai wa wanda zai fi shan wuya. Da na so da na cika ƙungiyar da 'yan benci, amma kowa zai gane, kuma Yaya ya tsani a bar masa abu. Ina so ya zama kamar ina ƙoƙari na kasa.

Mako biyar dabarar ta riƙe. Ranar ƙarshe, Lahadi, duk wasannin lokaci ɗaya ake yi. Ina tsaye wajen mai tsire a Mansur. Kyaftin ɗina yana karawa da bayan ƙarfen da Yaya ya ja wa layi biyu a littafi. Ya ci ɗaya kafin magariba. Da na fito daga masallaci ya ƙara biyu. Na wuce Yaya da maki huɗu.

Saƙonnin taya murna suka fara shigowa. Mabruk, mabruk. Sai kuma rukunin ya yi tsit, ina jin sun tuna wanda na wuce. Na karɓi tsirena na tafi gida, ban ci ba.

Na ɗauko littafin da biro. Na ce bari in sake lissafa makonnin nan da dokarsa, ai shi bai taɓa yarda da makin waya ba, wataƙila a nasa lissafin yana nan a sama. Na raba nasa na labule biyu. Na ƙara wa nawa na ƙarfe rabi, kuma nawa duk na ƙarfe ne, ni na zaɓe su haka. Na yi sau biyu don kada in yi kuskure.

A lissafinsa na fi shi da maki arba'in da ɗaya. Sai a lokacin na ji zafin, don da yana nan da ya duba shafin ya ce na iya.