Irin Tumatir ɗin Baba Ilu

Ranar wata Laraba da sassafe, shekarar da nake aji huɗu a firamare, na datse ƙaramar hanyar ruwan da ta bi ta bayan ƙauyenmu, kusa da Bunkure. Tarwaɗa na hango tana wutsil-wutsil, sai na kwaɓa laka da ciyawa na toshe bakin kwalbati, wai in kama ta da hannu. Ban kama ta ba. Ina jin ƙararrawar makaranta na zura da gudu, na bar datsiyar yadda take. Kafin azahar ruwa ya shanye irin tumatir ɗin Baba Ilu, wani dattijo da ke noma shi kaɗai, saura kwana kaɗan ya yi dashe. Abin da zai ci a wannan ranin ke nan na nutsar.

Da la'asar mahaifina ya tasa ni gaba zuwa zauren mai unguwa, da tsumagiya a hannunsa. Mai unguwa bai yi gaggawa ba. Ya tambaya ko da gangan na yi, ko na taɓa yin irin haka, ya kuma aika aka dubo ɓarnar. Sannan ya ce da mahaifina, "Malam Sani, ajiye tsumagiyar nan. Tana sa yaro kuka, amma ba ta tsirar da tumatir." Ya yanke cewa mahaifina zai ba da iri, ni kuma in yi rainonsa safe da yamma har ya isa dashe.

Wallahi a lokacin na fi son dukan. Abokaina suna langa, ni ina ɗibar ruwa da gwangwani, kowa ya wuce sai ya kalle ni. Baba Ilu kuwa ko gaisuwata ba ya amsawa, wannan ya fi komai yi mini ciwo. Sai ranar dashe ya miƙo mini tsiron farko, ya ce, "Ɗana, kai za ka fara." Amfanin ya zo a makare, amma ya zo.

Bara aka sace mini injin ban ruwa, albasata ta bushe. Kotu ta ɗaure saurayin da ya yi satar, ban kuma ce ta yi kuskure ba. Sai dai ina fitowa na tuna da zauren nan. An tafi da yaron, na koma gonata busasshiya, babu wanda aka ce ya raini komai.