Mangwaron Ummu Ragab

Shahata manomi ne a gefen Isma'iliyya, kuma kaf bakin mashigin Suwes babu mai taurin kansa, sai fa matarsa Ummu Ragab. Da aka fara ruwan harsasai tsakanin sojojinmu da na Isra'ila da ke tsallaken ruwa, hukuma ta kwashe mutane zuwa garin Zagazig. Ita ta hau mota, shi kuwa ya ce ko da igiya.

Ta leƙo ta taga ta nuna mangwaron ƙofar gida, wanda ta dasa shekarar aurensu. "Tunda ka ƙi, ga amana. In ya mutu, kada ka zo nemana!"

Haka ya zauna cikin sojoji, yana dafa musu shayi, suna tsokanarsa kan bishiyar. "Baba, yau ka shayar da surukarka?" Shi ko a jikinsa, har hular kwanonsu yake ara ya ɗebo ruwan.

Ana nan wani hafsa ya zo. "Baba, 'yan tsallake da bishiyar nan suke saita mu. Dole a sare."

Wayyo! Shahata ya yi faɗa, ya yi magiya, ya ce gara a sare shi. Amma jiya-jiya aka ɗauke wani yaro soja da rauni a gindinta, kuma shi ya riƙe masa kai. Ya karɓi gatarin da kansa yana hawaye. Kafin ya sara, sai da ya yanki reshe guda, ya aura shi a jikin wani ɗan tsiron mangwaro a bayan gida.

Bayan shekaru sojojinmu suka tsallaka ruwan, yaƙi ya lafa, mutane suka dawo. Ummu Ragab ta sauko da ƙunshinta, ta ga kututture. Ta juya za ta koma mota.

"Haba Hajiya, zo mana ki ga bayan gida."

Can ga wata 'yar bishiya, ko kafaɗarsa ba ta wuce ba, ta yi 'ya'ya. Ya tsinko ɗaya ya miƙa mata. Ta gatsa, ta daɗe tana taunawa da gangan, muguwa!

"Mangwarona ne," ta ce, idonta ya ciko. "Amma kai dube ka, duk ka rame. Karɓi ƙunshin nan mu shiga, tun ɗazu yake karya mini wuya."